Mai Wushirya da Rijiyar Gamkalle

Bazarar bana ta shigo da irin zafin nan da mutum zai tashi daga tabarma ya bar siffarsa a jiƙe a kai. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, tun hantsi yake ɗaukewa, fanka ta tsaya cak, sai kowa ya kwaso matashinsa ya fito gindin dogon yaron tsakar gida. A nan nake kwance ran nan bayan azahar, jikata Nafisa tana gefena da salularta, tana kallon fim ɗin Indiya irin waɗanda ake juyawa da Hausa yanzu. Ni ba kallo nake ba. Idona ne kawai ya faɗa kan wata tsohuwa mai furfura fat tana yi wa wani ƙaton saurayi faɗa. Da ta gama ta yi dariya, sai na ga wushiryarta.

Na tashi zaune. "Nafisa, tsaida shi. Maido baya."

"Lafiya, Kaka?"

"Maido, na ce."

Ta maido. Ita ce. Kumatun sun zube, wuyan ya tattare, amma idon nan mai kallon mutum kai tsaye yana nan yadda na san shi.

"Wannan ai Mai Wushirya ce," na ce. "Ashe tana raye."

Nafisa ta yi ta dariya. Ta daddanna salula ta karanto mini sunan matar na gaskiya, dogo, harshena ya kasa. Ta ce daga kudancin Indiya take, kuma ta daɗe tana fim. Na ce na riga ta sani. Na ce in dai fim take son gani, ta bar waɗannan da namiji ɗaya ke watsa taron ƙarti da mari, ta nemo na matar nan na da, tun tana da ƙarfinta. Sunayensu ban sani ba, namu sunayen muka sa musu. Akwai na matar mai jirgi, inda mijinta ya tafi kamun kifi bai dawo ba, ta hau jirgin ta ci gaba da tuƙi. Da shi za ki fara, na ce, amma ki ajiye ƙyallen share ido kusa. Akwai na malamar ƙauye, inda ta kori mashaya daga ƙofar lakwal, wato makaranta, da tsintsiya, shi ya fi ban dariya. Sai na gona. Shi ne babba, ki bar shi sai ƙarshe.

"Ina kika ga duk waɗannan, Kaka? Ke da kika ce ba ki taɓa shiga silima ba?"

"A Saga," na ce. "Da azumi a bakina."

Shekarar da gulbi ya ƙafe ne. Yaran yanzu da suka saba ganin gulbin Yamai yana cinye gidaje da damina ba su yarda in an ce musu an taɓa ratsa shi da ƙafa ba tare da takalmi ya jiƙe ba. To an yi. Damina biyu ta zo da ƙyar ta tafi da wuri, sannan azumi ya faɗo tsakiyar bazara.

Ina da ƴaƴa biyu ƙanana a lokacin, Habsu da ƙanenta. Daga Tawa muka zo. Maigidana direban babbar mota ne, kuma a shekarar an ɗauke shi jigilar hatsin taimako zuwa arewa, sai a yi makonni ba mu ji ɗuriyarsa ba. Muna haya a Gamkalle, a gidan wata tsohuwa Bazabarma da kowa ke kira Nya Gambi. Ita ta yanka mini gefen garkarta a bakin gulbi, nake shuka shu, wato kabeji, da salati da albasa. A kan iyaka akwai zogale a jere, ita ta dasa su tun mijinta na da rai. Garkar nan ita ce tukunyarmu. Abin da baban Habsu ya bar mana ya ƙare tun kafin a ga wata.

Da asuba mukan yi sahur da kunun jar dawar taimako, wadda ko an daka ta an tankaɗe sai ta tsaya a maƙogwaro. Ana sallame salla mu ɗauki garwa mu gangara. Da farko ruwan yana ƙasan garka, taku kaɗan. Sai ya fara ja da baya. Kullum sai mu tarar ya ƙara nisa, ya bar mana laka, lakar ta bushe ta tsattsage, bayanta rairayi. Ƙarshe dai babu abin da ya rage sai wani gurbi can tsakiya, ruwansa kore, yana warin mataccen kifi. Mu da shanun makiyaya da jakunan masu amalanke duk a nan muke haɗuwa. Kafin hantsi rairayin ya yi wuta, sai mun naɗe ƙafa da tsumma a cikin takalmi.

Abin da ya fi wuya ba nisan ba ne. Ka ɗauki garwa cike a kai, ruwa yana tsiyaya ta goshinka, yana bi ta gefen hanci, yana zuwa daidai leɓe, kai kuma ka dantse baki. Ka isa garka ka zuba wa albasa, ka ji ƙasa tana shanyewa da ƙara, kai kana tsaye harshenka kamar busasshiyar fata. Da rana kuwa ba a iya komai. Mu jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ka juya ya bushe.

Maƙwabciyata a garka Balkisa ce, Badamagarama, matar wani mushe, malamin lakwal. Ta yi karatu, tana jin Faransanci, ga tsiwa. Muna cikin ban ruwa wata safiya a farkon azumin sai wata mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a kan hanya. Wata mace ta sauko, ta naɗe jikinta da dogon zane, baƙa kusan kamar mu, da jan ɗigo a goshi. Ba ta kalli kowa ba. Ta je gindin zogalen Nya Gambi ta ɗaga kai, ta dafe ƙirji da hannu biyu. Ƴaƴan zogalen nan dogaye da ke reto, waɗanda mu ko kallonsu ba ma yi, su take kallo.

Ta yi magana, Balkisa ta juya mana. "Wai tana son waɗancan sandunan."

"Sandunan?" in ji Nya Gambi. "Ganyen fa?"

"Wai sandunan take so."

"Tambaye ta ko akuya gare ta."

Balkisa ta tambaya, matar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce a garinsu miya ake yi da su, kuma tun da ta zo ƙasar nan ba ta sa su a baki ba. Nya ta sa aka kakkaɓo mata, ta cika mata zane, ta ƙi karɓar komai. Matar ta tsaya tana kallon leɓunanmu da suka fashe. Ta ce gidanta yana Saga, akwai inuwa, akwai fanka, in mun gama aiki mota za ta zo ta ɗauke mu mu huta har la'asar. Ƴar Indiya ce. Sunanta ya gagare mu, muka bar ta a Madam.

Mijinta shi ne mai gyaran injunan da ke ɗebo ruwa zuwa gonakin shinkafa. Injunan sun yi shiru, gonakin sun tsage har ƙafar yaro na iya faɗawa. Ƴaƴansu suna karatu a ƙasarsu, ita kaɗai take wuni. Gidan yana da gurup, injin wuta, don haka fanka tana juyawa. Ta yayyafa wa siminti ruwa, muka baje a ƙasa mu da yara. Ban taɓa jin daɗin kwanciya irin na ranar ba. Can sai ta jawo wani kwali cike da kaset, ta ce ƙanwarta ce ke aiko mata, ta kunna tele.

Nya Gambi ta juya baya. "Da azumi a bakina zan kalli rawa? Ku dai ƴaƴan zamani."

Madam ta fahimta. Duk inda waƙa ta taso sai ta danna abin ya wuce da gudu. Ita kanta ba ta taɓa kai ko ruwa baki a gabanmu ba.

Balkisa ta taɓa shiga silima, ta san ƴan Indiya farare masu rawa a kan duwatsu. Waɗannan ba su ba ne. Mutane ne baƙaƙe, mata na daka a turmi, ana jan guga a rijiya, ana cin abinci da hannu a ƙasa. Ga gonakin shinkafa kamar Saga a shekarar albarka. Can bayan wani ɗaki muka hango zogale, muka sa ihu gaba ɗaya. Ihun ne ya juyo da Nya, kuma ba ta sake juya baya ba. Wani yaro a fim ɗin ya fito da gudu yana kuka, yana "Amma! Amma!" Nya ta ƙosa ta ce, "Amma me? Ya faɗi mana!" Sai da Madam ta bayyana cewa a harshensu haka ake kiran uwa.

A nan muka fara ganin Mai Wushirya. Ba kyakkyawa ba ce irin ta hoto. Tana da faɗin kafaɗa, muryarta da kauri, in ta ɗauki tulu ka san ta taɓa ɗauka. Kuma tana da wata ɗabi'a a duk fim ɗinta. In abu ya kai mata wuya ba ta kuka da farko. Sai ta kamo bakin zanenta da ke reto a kafaɗa, ta zagayo da shi ta soke a ƙugu. Da mun ga haka sai mu ce, "Ta ɗaura!" mu gyara zama.

Kafin mako ya zagayo motar ba ta ɗaukarmu duka, don matan garka sun ji labari. Madam tana faɗi da gurgun Faransancinta, Balkisa ta juya da Hausa, Nya ta juya wa na baya da Zabarmanci tana ƙara nata gishiri. Kafin magana ta kai bango, ɗan'uwa ya zama miji, miji ya zama ɓarawo. Amma kowa na kuka a inda ya kamata. Sa'o'in nan na tsakanin azahar da la'asar, waɗanda suka fi kowane lokaci tsawo ga mai azumi, sai muka daina jin wucewarsu.

Wajen tsakiyar wata Baba Sumana, shugaban masu garka, ya tara mu. Dattijo ne mai gaskiya, ba zan ɗora masa mugunta ba. Ya ce gurbin nan yana ƙarewa, ba zai ishi kowa ba. Daga yau masu mangwaro da lemo ne za su ɗiba don ban ruwa, saboda itace in ya mutu shekaru ne suka mutu. Garkunan mata na ganye, a haƙura da su. A ɗebi na sha kawai.

"Zogalena ba itace ba ne?" in ji Nya Gambi.

"Gambi, kala suru, ki yi haƙuri. Zogale yana jure ƙishi."

"Yaran da ke cin ganyen fa, su ma suna jurewa?"

Duk da haka bai canza magana ba.

A makon ne wani direba ya kawo mini saƙon baban Habsu, wai in tattara yara in tafi Ƙonni wajen yayarsa, in jira shi can. Na san gidan. Su ma awo suke da tafin hannu, ga nasu yaran. Amma maganar maigida ce, kuma garkar da zan tsaya dominta an yanke mata ruwa. Na fara ɗaure tukwane. Na gaya wa Nya, ta tashi ta shiga ɗaki.

Washegari na bi su Saga don in yi wa Madam sallama. Ranar ta sa mana fim ɗin nan na gona. Mai Wushirya ta fito a matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara da ƴar gona a ƙarshen magudanar ruwa. Fari ya zo, mazan garin suka toshe hanyar da ke kai ruwa gonarta. Ta je ta roƙe su a dandali, suka ce ta yi haƙuri. Ɗakin ya yi tsit, ba wanda ke juya wa wani magana, don babu bukata. Ta koma gida, ta ba yara abinci, ta zauna a bakin ƙofa. Sai ta miƙe ta kamo bakin zanenta.

"Ta ɗaura," in ji Balkisa a hankali.

Ta ɗauki ƙarfen haƙa ta shiga tsakiyar gonarta ta fara sara. Mutane suna wucewa suna dariya. Ramin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya shanye ta, sai ƙasa kawai ake gani tana fitowa. Tana can ciki tele ya yi ƙif ya mutu. Fanka ta tsaya. Gazuwal, man da gurup ke sha, ya ƙare, kuma Madam ta ce ba a san ranar da za a kawo wani ba.

"To ta samu ruwan?" muka tambaya baki ɗaya.

Madam ta buɗe baki za ta faɗa, Nya ta ɗaga mata hannu. "Ce mata ta bari. Kada ta faɗa." Ta dafa bango ta miƙe, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure ƙugu da shi tamau. Ta dube ni. "Ramatu, ɗiyata, Ƙonni ba za ta gudu ba. Ba ni kwanaki kaɗan."

Tonon ruwa a rairayi ba baƙon abu ba ne, a Tawa da shi muka tashi. Amma ba wanda ya taɓa tunanin yin haka a cikin gulbin Yamai, don ba a taɓa bukata ba. Nya ta kai mu wata kwana daidai ƙasan garkunanmu, ta ce tana yarinya nan ne ruwa ya fi zurfi, har an hana su wanka a wurin. Muka aro felu, wato shebur, muka kawo ƙore da kwanuka. Da an sallame asuba mu fara, rana na ɗagowa mu tsaya. Masu amalanke suna wucewa suna ce mana sannu da neman zinariya.

Rairayi ba ya son a haƙa shi. Ka kwashe kwano ɗaya, rabi ya koma. Duk da haka ramin ya kai tsayin mutum, ƙasan ya fara duhu. Balkisa tana ciki wata safiya sai gefe ɗaya ya zubo gaba ɗaya, ya binne ta har ƙirji. Ba ta yi ihu ba, numfashin ma da ƙyar yake fita. Muka faɗa da hannuwa muna tono kamar karnuka, Nya tana kiran sunan Allah, har muka zaro ta. Ramin ya cike kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Mata da yawa ba su dawo ba daga ranar. Mushe ya hana Balkisa fita. Ni kuma na koma gida na tarar da tukwanena a ɗaure suna jirana, na zauna kusa da su ina kallon albasata a zuci tana kwantawa.

Madam ce ta zo da la'asar, ta ji abin da ya faru. Ba ta daɗe ba ta tafi. Da safe sai ga motar nan da tano a baya, manyan gangunan ƙarfe da ake zuba gazuwal, duk babu komai ciki. Mijinta da kansa ya tuƙo, wani siririn mutum mai tabarau, ya nuna mana da hannu: a fasa gindin, a kafa ɗaya, a yi ta haƙa daga ciki, yana nitsewa, a ɗora wani a kai. Maƙerin unguwa ya fasa mana su, muka ƙone ciki da kara, muka goge da toka da rairayi har warin ya tafi. Muna mirgina na farko sai ga Balkisa ta gangaro, ƙugu a ɗaure.

"Mushe fa?" na ce.

"Ya ce kada in shiga rami. Bai ce kada in ja igiya ba."

Ni ce siririya a cikinmu, ni ce mai shiga. Wanda bai taɓa tsugunawa cikin tano a rana ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Ƙarfen yana ɗaukar zafi tun da sassafe, in kafaɗa ta taɓa shi sai ta tashi. Babu iska. Felu ba ya juyawa, da guntun ƙwarya nake kwasa in cika bokiti, su ja. In na ɗaga kai sai in ga sama ƴar ƙarama kamar faifai, da fuskar Nya a gefe. Tano na farko ya nitse, aka ɗora na biyu.

A cikin na biyun ne wata rana na ji kunnena yana ƙara, na ga duhu. Na farka a gindin zogale, jikina sharkaf, Nya tana riƙe da moɗa a bakina.

"Sha."

"Nya, azumi."

"Sha, na ce. Allah bai ce ki kashe kanki ki bar marayu ba. Kya rama bayan Salla."

Na sha ina kuka. Tun da na balaga ban taɓa karya azumi da rana ba sai ranar. Da yamma ta dama mini kunu da ɗan sukarin da take ɓoyo, ta zauna har na shanye. Washegari ta ce wata ta shiga, na ce a'a, ramina ne.

Da tano na uku ya fara nitsewa sai na ji tafin ƙafata ya yi sanyi. Na tsaya. Na dunƙula rairayin a hannu, ya dunƙulu, bai watse ba. Ban faɗa wa kowa ba, na ci gaba da kwasa. Can sai na ga gurbin ƙwaryar yana ƙyalli. Na zuba ido. Ruwa ne yake tsattsafowa ta gefe, a hankali, yana taruwa, ya rufe yatsuna, ya kai idon sawu. Fari tas, ba kore ba, ba wari.

"Ramatu, kin yi shiru," in ji Balkisa daga sama. "Lafiya?"

Na cika bokitin na ce, "Ja."

Na ji igiyar ta yi sama, na ji shiru, sai guɗa ta tashi. Nya Gambi ce, tsohuwar da haƙoranta ba su fi a ƙirga ba, ta rangaɗa guɗar da aka ji har kan hanya. Sauran suka karɓa. Ina can ƙasa cikin ƙarfe, ƙarar tana zagaya ni, ruwa yana hawa ƙaurina, ga shi ba halin in sha. Ban damu ba. Na wanke fuska, na wanke wuya, na yi ta dariya ni kaɗai.

Salati ya riga ya mutu, shu ma rabi ya tafi. Amma albasa ta miƙe, zogale ya yi sabon toho cikin kwanaki. Matan da suka gudu suka dawo, ba wanda ya yi musu gori sai Balkisa, ita ma sau ɗaya. A goman ƙarshe gurbin tsakiya ya zama laka. Wata safiya muka ga Baba Sumana tsaye nesa kaɗan da garwarsa, yana kallon ƙasa. Nya ta bar shi ya ɗan tsaya, sannan ta ce a ba shi hanya. Ya leƙa cikin rijiyar ya daɗe.

"Fofo, sannunku mata," ya ce. "Na yi kuskuren lissafi."

"Ɗebi," in ji Nya. "Mangwaro ma na Allah ne."

Kafin Salla maza sun kafa nasu tano a wurare da dama a kwanar nan, kuma mu suka zo tambaya yadda ake yi. Na kwance tukwanena na mayar da su kan murhu.

Baban Habsu ya iso ana jajibiri, ransa a ɓace, don sai da ya biya Ƙonni bai same mu ba. Ban yi masa gardama ba. Na ce ya zo ya ga wani abu. Ya leƙa rijiyar, ya dubi tabon ƙuna a kafaɗata, ya tambayi wa ya shiga. Na ce ni. Sai ya karɓi garwar daga hannuna, shi ya kai ta garka.

Ranar Salla muka yi kopto babban kwano, ganyen zogalenmu da ƙuli da albasarmu, duk wanda ya shigo gidan Nya ya ci. Madam ta zo da tukunyar miyar sandunan nan, ja, mai tsamiya da yaji. Ta nuna mana yadda ake tsotse cikin a yar da ɓawon. Nya ta ce ita ba ta zubar da abinci a shekara irin wannan, ta tauna har ɓawon ta haɗiye, idonta na hawaye. Bayan kwana biyu aka samu gazuwal, muka je muka ga ƙarshen na gona. Mai Wushirya ta samu ruwanta, ta fito daga rami ana kiɗa, zanenta tsaf. Nya ta ce, "Ƙarya ne wannan. Ina lakar?" Amma da waƙa ta taso Madam za ta wuce da ita, ita ce ta ce a bari, ai azumi ya wuce.

Ruwan sama bai zo nan da nan ba. Rijiyar ce ta riƙe mu har hadari ya fara haɗuwa ta gabas, aka yi na fari, aka yi na biyu, ƙasa ta yi ƙamshi. Sai wata safiya yara suka shigo unguwa da gudu suna cewa gulbi na zuwa. Muka bar abin da muke yi muka gangara, kowa da kowa, har masu goyo. Ga shi nan tafe daga yamma, ja wur kamar kunun kanwa, yana turo kara da kumfa a gabansa, ba sauri, yana cika kowane rami kafin ya wuce. Wani ya ce a yi maza a ciro tano, ƙarfe ne mai amfani. Maza suka ciro nasu. Da suka nufo namu Nya ta tare su da sandarta.

Muna tsaye a kan gaɓa ruwan ya iso bakin rijiyarmu. Ya zagaye ta, ya ɗan tsaya kamar mai sallama, sannan ya zuba ciki. Muka ga bakin ƙarfen yana raguwa, ya zama zobe, ya ɓace. Balkisa ta kama hannuna ta matse. Na zaci zan ji baƙin ciki, sai na ji kaina ina guɗa, ni da ban taɓa iyawa ba.

Nya Gambi ta jingina da sandarta tana kallon inda ruwan ke juyawa.

"Sannu da zuwa," ta ce wa gulbin. "Ka daɗe. Mun riƙe maka wurin."